Yadda Aka Gano Dutsen Vesta da Hanyar da Yake Bi

Tsakanin duniyar Mars, wadda malaman falaki ke kira Mirrihi, da duniyar Jupiter, wato Mushtari, akwai wani fili mai faɗi inda duwatsu masu ɗimbin yawa suke kewaya rana. Wannan maƙala za ta yi magana ne a kan ɗaya daga cikin manyansu mai suna Vesta, musamman yadda aka gano shi, domin labarin yana da ban mamaki.

Ranar 1 ga Janairu 1801 wani masani ɗan Italiya, Giuseppe Piazzi, ya hango na farko daga cikin waɗannan duwatsu a birnin Palermo, aka sa masa suna Ceres. A watan Maris na 1802 kuma Heinrich Olbers ya gano na biyu, Pallas. Shi Olbers likita ne a garin Bremen na ƙasar Jamus. Da rana yana duba marasa lafiya, da dare kuma ya hau saman gidansa da madubin hangen nesa.

To, a nan ne tambaya ta taso. Masana sun yi tsammanin duniya guda za a samu a wannan fili, sai ga ƙanana biyu. Olbers ya ce lalle wata babbar duniya ce ta taɓa tarwatsewa, waɗannan kuwa ɓaraguzanta ne. Idan haka ne, in ji shi, dole hanyoyin ɓaraguzan su riƙa ratsawa ta wurin da fashewar ta auku. Saboda haka ya ware wurare biyu a sama, ya yi ta dubansu a kai a kai har shekaru. Ranar 29 ga Maris 1807 ya ga wani ɗigon haske a burjin Sumbula wanda ba ya cikin taswirar taurari, kuma yana gusawa daga dare zuwa dare. Vesta ke nan, na huɗu, tun da an riga an gano Juno a 1804.

Amma hasashen da ya kai shi ga nasarar ba daidai ba ne. Masana a yau sun nuna babu wata duniya da ta fashe. Ƙarfin jan Jupiter ne ya hana duwatsun haɗuwa tun farko. Ko da an tara su duka, nauyinsu bai kai kashi 5 cikin 100 na nauyin wata ba. A ganina haƙurinsa ne ya yi aiki, ba hasashen ba, don bayan Vesta sai da aka yi shekara 38 kafin a gano na biyar a 1845.

Olbers ya bar wa masanin lissafi Carl Friedrich Gauss zaɓen suna, shi ne ya zaɓi Vesta, sunan abar bautar Romawa mai kula da murhu. Gauss ɗin ne kuma ya lissafa hanyarsa. Hanyar ba da'ira ce cikakkiya ba: idan ya matso rana, tazarar takan kai wajen kilomita miliyan 322, idan ya yi nisa kuma wajen miliyan 385. Tamu duniyar kilomita miliyan 150 ce daga rana. Yakan gama kewaye ɗaya cikin kimanin shekara 3 da wata 7, amma juyawa a kan kansa awa 5 da minti 20 kawai take ɗaukarsa. Faɗinsa ya kai kilomita 525, kuma ya fi sauran haske, har akan gan shi da ido wani lokaci idan dare ya yi duhu sosai.

Kumbon Dawn na Amurka ya kewaya shi daga Yulin 2011 zuwa Satumban 2012, ya ɗauko hoton wani makeken rami a kudancinsa, mai faɗin wajen kilomita 500, inda wani dutse ya taɓa dukansa. Masana na ganin gutsattsarin da suka fantsama daga Vesta suna faɗowa duniyarmu, kuma dutsen da ya faɗo a Tataouine ta ƙasar Tunisiya a 1931 yana cikin irinsu.