Kafin ka zargi kafireto, duba matatar man babur ɗinka

Watan jiya babur ɗina ya riƙa yi min wani abu mai ban haushi. Zai tashi lafiya ƙalau, amma da na hau titi na ja wuta sai ya fara shaƙewa, ya mutu. In na jira minti biyu sai ya sake tashi. Sau biyu aka wanke min kafireto, aka canza fulogi, har na saɓa alkawari da wani mai shago da zan kai wa manhajar lissafi. Ashe wata 'yar raga ce mai tsawon ɗan yatsa ta toshe.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan: kafin ka hau binciken kuskure a cikin aikinka, fara duba ko data ce ta ƙare. A ƙasan kafireto akwai ɗan kofi da ke tara mai. Idan matata ta toshe, man na shiga kaɗan-kaɗan, ya ishi injin yana tsaye, amma da ka ja wuta kofin zai ƙare. Jiran da kake yi, cika yake.

A yawancin babura masu kafireto, wuri uku ake tace mai. Ragar farko tana cikin tanki, a saman makullin man nan mai ON, OFF da RES, ba ka ganin ta sai an kwance shi. Wasu makullan suna da ɗan kofi a ƙasa inda laka da ruwa ke kwanciya. Sai kuma filta ta roba da ke jikin tiyo, tsakanin tanki da kafireto.

Gwajin ba ya buƙatar bakanike. Bari injin ya huce, ka mayar da makulli OFF, ka zare tiyo daga kafireto ka sa bakinsa cikin gorar roba, sannan ka buɗe. Mai ya zubo a miƙe. In ɗiga yake yi, matsalar tana sama. Kofin ƙasa ka kwance shi da sifana, ka wanke da fetur, ka kula kada zoben robarsa ya ɓata. Filtar tiyo mai takarda a ciki kuwa ba a wanke ta, sabuwa ake sawa, kuma kibiyar da ke jikinta ta kalli kafireto. Ragar cikin tanki sai an juye man tukuna. Don Allah fitilar waya za ka haska, ba ashana ba.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawanmu lita ɗaya ko biyu muke sha, muna yawo a kan RES. To RES daga ƙasan tanki yake jan mai, inda tsatsa da ruwa suke taruwa. Ga kuma man galan na 'yan bumburutu, wanda ake ɗurawa a bakin titi cikin ƙura. Ni dai yanzu duk lokacin da zan canza baƙin mai nakan leƙa kofin.

Wasu cire filtar suke yi gaba ɗaya su haɗa tiyo kai tsaye. Babur zai tashi kam, amma dattin zai wuce ya toshe ƙananan ramukan kafireto. Masu sababbin babura marasa kafireto kuma kada su gwada zare tiyo, domin famfo ne ke tura man da ƙarfi, matatar ma galibi tana haɗe da famfon a cikin tanki.