Me ya sa ake kulle jiha ɗaya a bar maƙwabciyarta?

Da ƙarfe 11 na daren 30 ga Maris 2020 dokar kulle ta fara aiki a Legas da Abuja, bisa umarnin Shugaba Muhammadu Buhari, na tsawon kwana 14. Jihar Ogun ma tana cikin umarnin, sai dai ta nemi a ɗaga mata ƙafa zuwa 3 ga Afrilu. A ranar 30 ga Maris ɗin kuwa Kantin Kwari a Kano cike yake da jama'a, ana ta ciniki. Tambayar da ta riƙa yawo a majalisu ita ce: in dai cutar korona ɗaya ce, me ya sa za a tsare wasu a gida a bar wasu suna harkokinsu?

Annoba ba ta sauka ko'ina a rana ɗaya. Mutane take bi, mutane kuwa hanya suke bi. Wanda aka fara tabbatar yana ɗauke da cutar a Najeriya, ranar 27 ga Fabrairu, ɗan Italiya ne da ya sauka a filin jirgin saman Legas ya wuce Ogun wurin aiki. Yawancin waɗanda suka biyo baya a makonnin farko matafiya ne da suka dawo daga waje ta Legas ko Abuja, da waɗanda suka yi mu'amala da su. Ogun kuwa a jikin Legas take, dubban ma'aikata a can suke kwana su wayi gari a Legas. Idan gobara ta kama layi ɗaya a kasuwa, wannan layin ake fara kewayewa, ba a rushe kasuwar gaba ɗaya.

Lissafin da ke bayan dokar ba shi da wuya. Idan kowane mai cutar ya shafa wa mutum biyu, su ma kowannensu ya shafa wa biyu, a zagaye na goma sabbin kamu sun kai 1,024. Idan kuwa aka rage cuɗanya har ya zama mutum goma ba sa shafa wa fiye da takwas, adadin raguwa zai yi ta yi. Abin da rufe kasuwa da makaranta da tasha ke nema ke nan: kada marasa lafiya su yi wa asibiti taron dangi a mako guda, gadaje da iskar oksijin su ƙare. Kulle ba ya kashe ƙwayar cuta. Lokaci kawai yake saya wa hukuma.

Kwana 14 ɗin ma ba da ka aka zaɓe shi ba. Wanda ya kamu yakan yi kwana 5 ko 6 kafin alamu su bayyana, wani har mako biyu, kuma yana iya yaɗa ta tun bai san yana da ita ba. Sai ya ƙara wasu kwanaki kafin jiki ya tsananta a kai shi asibiti. Saboda haka alƙaluman da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta riƙa fitarwa kowane dare a lokacin labarin abin da ya faru mako ɗaya ko biyu baya ne. Shi ya sa za a kulle gari amma adadi ya ci gaba da hawa, jama'a su ce dokar ba ta da amfani, alhali ba a kai lokacin ganin amfaninta ba.

Wa ke da ikon kullewa? Dokar killace masu cututtuka ta 1926, wadda aka gada daga Turawan mulkin mallaka, ta ba shugaban ƙasa ikon ayyana wani yanki a matsayin wurin da cuta ta ɓulla. Ta kuma ba gwamna damar yin hakan a jiharsa idan shugaban bai yi ba. Da wannan Kaduna ta riga tarayya, ta sa dokar hana fita dare da rana tun 26 ga Maris. Kano ta samu mai cutar na farko ranar 11 ga Afrilu, gwamnatin Gwamna Ganduje ta kulle jihar daga daren 16 ga wata, sannan Buhari ya ƙara mata mako biyu a jawabinsa na 27 ga Afrilu, a daidai lokacin da yake shirin sassauta wa Legas da Abuja. Tsarin kulle yanki ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamai sun yi ta tunatar da yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can.

A Kano ne aka ga abin da tsarin yake buƙata kafin ya yi aiki. Kulle yanki ya dogara ne da sanin inda cutar take, sanin kuwa sai da gwaji. A ƙarshen Afrilu, lokacin da masu haƙa kabari ke cewa gawawwaki sun yi yawa fiye da yadda suka saba, cibiyar gwajin da jihar ta dogara da ita ta dakatar da aiki na wasu kwanaki. Sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙididdige mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama da alaƙa da korona. Wato an kulle birnin ne ba tare da ana ganin abin da ke faruwa a cikinsa ba.

Iyaka ma ba ta rufu ba. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi amma aka bar motocin abinci, domin dole ne, sai fasinja suka koma hawa bayan tirela a tsakanin buhuna. Gwamnonin Arewa kuma suka shiga mayar da almajirai jihohinsu na asali, aka kuwa samu masu cutar a cikin waɗanda aka kai Kaduna daga Kano. Hukumar da ta hana tafiya ita ce ta yi jigilar.

Sai babbar magana, abinci. Mai adaidaita sahu da ɗan dako da mai tallan kayan miya hannu baka hannu ƙwarya suke, ga shi azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu. Da matsi ya yi yawa a Kano aka ware Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, a fita sayayya. Cinikin mako guda ya dunƙule cikin 'yan awanni, aka riƙa gogar kafaɗa a gaban masu shinkafa da mai, wanda shi ne ainihin abin da dokar ta zo hanawa. Tilastawa kuma ta zo da nata ta'adin: Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kulle a faɗin ƙasar, adadin da ya zarce wanda cutar ta kashe a lokacin.

A ganina kulle Legas da Abuja da wuri daidai ne, na Kano ma bai zama kuskure ba. Abin da ya gaza shi ne lokacin da aka saya ba a cika shi da gwaji da rabon abinci yadda ya kamata ba. An ɗage haramcin tafiya tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli 2020.