Jirgin da ya nutse a ƙofar gida

Daren 31 ga Disamba 1918, makonni bakwai da tsayawar Yaƙin Duniya na Ɗaya, matan tsibirin Lewis da ke arewa maso yammacin Sikotilan sun share gidaje, sun ɗora girki, domin mazansu na hanya. Tsibirin mai mutane kusan dubu 30 ya riga ya rasa maza wajen dubu a yaƙin. Masu dawowar su ne Allah ya yi wa sauran kwana.

Jirgin fito na yau da kullum ba zai ɗauke su duka ba, sai aka loda sojojin ruwa kimanin 280 a wani jirgi mai suna Iolaire daga tashar Kyle of Lochalsh, alhali rigunan ceto 80 ne a cikinsa. Wajen ƙarfe biyun dare, ana hangen fitilun Stornoway, garin da suka nufa a Lewis, jirgin ya kauce hanya ya daki duwatsun Holm, 'yan taku kaɗan daga gaɓa. Ga duhu, ga iska, ga kaki da takalma masu nauyi. Mutum 201 suka rasu.

Wani kafinta ɗan yankin Ness, John Finlay Macleod, ya faɗa ruwa da igiya a hannu, ya yi ta fama da raƙuman ruwa har ya taka tudu. Ta wannan igiya mutum kusan 40 suka tsira.

Da gari ya waye, ruwa ya riƙa turo gawarwaki bakin gaɓar Sandwick. Duk mutumin Sabon Birni ko Isa da ya taɓa tsayawa bakin gulbi da damina bayan kwalekwale ya kife ya san nauyin wannan: kowace gawa aka fitar, an san uwarta, an san gidansu. Da wuya a samu ƙauye a Lewis da bai yi zaman makoki ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne shirun da ya biyo baya. Shekaru da dama mutane ba sa iya ɗauko zancen, har waɗanda suka tsira, saboda nauyin haɗa ido da matan mamatan. A 1923 matasa wajen 300 suka hau jirgin Metagama zuwa Kanada, tsibirin ya ƙara yin fayau. Sai da aka yi shekara 40 kafin a kafa dutsen tunawa a Holm, rundunar sojan ruwan Birtaniya kuwa ba ta saki rahoton bincikenta ba sai 1970.