Abin da Ya Kamata Ya Biyo Ɗan Kwikwiyo Zuwa Sabon Gida

A garuruwa irin su Kaboji, kusa da Kontagora a Jihar Neja, kare ma'aikaci ne. Mafarauci yana shiga daji da shi, makiyayi yana barin sa gadin ruga, manomi kuma yana ajiye shi don ya kori birai daga gona. Addinin Musulunci ya yarda a ajiye kare saboda waɗannan ayyuka uku. Don haka idan karya mai kyau ta haihu, mutane sukan zo neman 'ya'yanta. Wani ya saya, wani a ba shi kyauta ya ba da tukuici. Sai dai miƙa kwikwiyo kaɗai bai isa ba. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata mai kiwon karnuka ya haɗa wa mai saye.

Abu na farko shi ne ranar haihuwa. Bai kamata a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8 ba. Nonon farko da yake sha, wanda ake kira dakashi, yana kare shi daga cututtuka. A cikin 'yan'uwansa kuma yake koyon wasa ba tare da cizo mai zafi ba. Wanda aka yaye da wuri yakan taso da rauni ko yawan tsoro. Sanin ranar haihuwa kuma shi ne yake nuna lokacin da za a yi kowace allura.

Abu na biyu shi ne katin rigakafi. Wannan takarda ce da likitan dabbobi yake rubuta magani da allurar da aka yi wa kwikwiyo, tare da kwanan wata. Tun yana mako 2 ake fara ba shi maganin tsutsar ciki. Tsakanin mako 6 da mako 8 ake yi masa allurar farko, wadda take kare shi daga cututtuka irin su cutar amai da zawon jini. Allurar ciwon haukan kare kuwa, sai ya kai wata 3 ake yin ta, sannan a riƙa maimaitawa kowace shekara. Ke nan sau da yawa kwikwiyo yana hannun sabon mai shi lokacin wannan allura yake yi. Wajibi ne mai sayarwa ya faɗa masa ranar, ya kuma nuna masa ofishin dabbobi mafi kusa.

Me ya sa wannan allura take da muhimmanci haka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga kare suke ɗaukar cutar, kuma yara suna da yawa a cikinsu. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya rayu. Amma rigakafi ya fi magani. Tun a 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi nasarar yi wa mutum allurar wannan cuta. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana haɗa allurar karnuka.

Abu na uku shi ne gaskiya game da asali da hali. Ya kamata mai saye ya ga uwar kwikwiyon da idonsa, ya kuma ji labarin ubansa. Karen farauta yana bukatar gudu da ƙarfin sansano, karen gadi kuwa yana bukatar kunne da natsuwa. Idan kwikwiyo yana da aibi, kamar kaska ko ƙuma ko ciwon fata, sai a bayyana. Ɓoye aibin haja ha'inci ne.

Abu na huɗu shi ne bayanin abinci. Canza abinci farat ɗaya yana ɓata cikin kwikwiyo. Saboda haka mai sayarwa ya faɗi abin da ya saba ci, ya ba da guzurin kwana biyu ko uku. Ya kuma gargaɗi mai saye kada ya ba shi albasa ko dafaffen ƙashin kaza, domin suna cutar da shi.

Mai kiwon da ya cika waɗannan sharuɗɗa ya tsare kwikwiyonsa, ya tsare yaran gidan da zai shiga. Idan kuwa kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka uku kare yake yi a Kaboji?
2. Mene ne dakashi, kuma mene ne amfaninsa?
3. Me ya sa sabon mai kwikwiyo yake bukatar katin rigakafi?
4. Yi jimla da kowace kalma: tukuici, aibi, guzuri, ha'inci.