AMSA: Jita Ta Ƙi Saituwa Bayan An Sassauta Tsarkiya

Wani mai sauraronmu daga Zakka, cikin Ƙaramar Hukumar Safana, ya aiko mana da takarda. Ya ce ya sayar da buhunan gyaɗa ya sayi jitar lantarki ta hannu don kiɗan biki. Da ya ga muryarsa ba ta kai amonta, sai ya sassauta tsarkiyoyin duka shida. Tun ran nan tsarkiya ke gogar ƙarfe tana zizar ƙudan zuma, in ya hau sama kuma amo ya kauce. Yana tambaya, cutarsa aka yi?

To Malam, kada ka tada rigima da mai kaya tukuna. Ka san kalangu: a matse tsarkiya murya ta hau, a saki ta sauka. Haka jita take. In ka sauke amo da cikakken mataki ɗaya, jan tsarkiya ya ragu da wajen kashi 20 cikin 100. A cikin wuyan jita kuwa akwai sandar ƙarfe mai ja baya don kada tsarkiya ta lanƙwasa itacen. Da tsarkiya ta yi sanyi sai ƙarfen ya rinjaye ta, wuya ya miƙe, tsarkiya ta kwanta bisa gaɓoɓi. Ga tushen zizar nan.

Gyaran huɗu ne, kuma bi da bi ake yi.

Na farko, sauya tsarkiya. In lamba 9 ce, sa lamba 10 ko 11. Mai kauri ta fi ɗamewa ko an sauke ta. Ana samu a Sabon Garin Kano. Ka goga bakin fensir a tsagar da kowace ke bi wajen kai, don kada ta maƙale.

Na biyu, in ziza ba ta daina ba, sassauta notin sandar ƙarfen nan, juyin hagu, rubu'in zagaye kawai. Bar ta ta kwana, sannan ka duba. In noti ya cije, kada ka tilasta. Karyewarsa babbar asara ce.

Na uku, ɗaga jakin kaɗan, wato inda tsarkiya ke hawa a jikin jita, kamar jakin goge.

Na huɗu, saita amo. Gaɓa ta 12 ita ce tsakiyar tsarkiya. Kaɗa ta a sake, sannan danna gaɓa ta 12 ka sake kaɗawa: amo ɗaya ya kamata ka ji, na biyun dai siriri. In ya zarce, juya sukurun jakin tsarkiyar ya ja baya, ta ƙara tsawo. In ya gaza, matso da shi wajen wuya. Kowace tsarkiya da nata.

A tuna, itace na jin yanayi. Hunturu na busar da shi, damina na kumbura shi, saboda haka saitin kaka ba lalle ya kai bazara ba. Kada a jingine ta a rana.

Kuma kada ka karaya. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ga shi ya kai ga kiɗa a Amurka da Turai.

In ka gwada, rubuto mana yadda ta kaya. Allah Ya ba da sa'a, amin.