KWAMFUTA CIKIN KWAMFUTA: IN BAƘO BAI GA NA'URAR USB BA

Ranar 8 ga watan Afrilu na 2014 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP, ranar 14 ga watan Janairu na 2020 kuma ya saki Windows 7. Amma injunan da aka saya a zamaninsu ba su mutu tare da su ba. A ma'aikatu da lakkol-lakkol ana samun injin buga takardu ko na ɗaukar hoton takarda mai sauran ƙarfi, sai dai sabuwar kwamfuta ba ta san shi ba. A yar da shi kuwa asarar dukiyar jama'a ce.

Dabarar da ake yi ita ce a gina kwamfuta ta biyu cikin ta farko. Ta biyun ba ƙarfe ba ce, manhaja ce mai kwaikwayon ƙarfe, a zuba mata tsohon Windows ya zauna kamar yana gidansa. Kamfanin IBM ya fito da irin wannan tun 1972 domin manyan injunansa. VMware ya kawo ta ga ƙananan kwamfutoci a 1999. VirtualBox kuwa, wanda ake samu kyauta, wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ya sake shi ga kowa a 2007, ya koma hannun Sun a 2008, sa'an nan hannun Oracle a 2010. Masana suna kiran tsarin da ke kan kwamfutar gaske mai gida, wanda aka saukar a ciki kuwa baƙo. Sunayen sun dace ƙwarai, domin yawancin rigimar USB rigimar mai gida da baƙo ce.

Kowace na'ura tana da 'yar manhajar da ke tsayawa tsakaninta da kwamfuta, wadda Faransawa ke kira pilote. Aikinta aikin tafinta ne. To, na'urar da aka soka wa kwamfuta ba ta jin tafinta biyu a lokaci guda: ko tana hannun mai gida, ko tana hannun baƙo. Mai gida ne ke fara karɓarta, kuma in yana cikin aiki da ita ba zai saki ba. Shi ya sa ma'aikaci zai zaɓi na'urar cikin VirtualBox, a ce masa tana kan aiki. Sai ya rufe duk abin da mai gida ya buɗe a kanta, ya zare, ya jira baƙo ya gama tashi, kana ya mayar.

In wannan bai yi ba, sai a dubi ƙofar da aka yi wa baƙo. Ƙofofin USB iri-iri ne. Ta 1998, wato 1.1, tana ɗaukar megabit 12 a daƙiƙa. Ta 2000, wato 2.0, tana ɗaukar 480. Ta 2008, wato 3.0, tana kai 5.000. VirtualBox yana kwaikwayon duka ukun, amma ɗaya ake zaɓa, kuma ba a canza ta sai baƙo yana kashe ɗungurungum. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, don ganin babbar lamba sai su zaɓi 3.0. Alhali Windows XP da Windows 7 ba su zo da tafintan wannan ƙofa ba; sai daga Windows 8 na 2012 aka sa shi. Tsohon baƙo ƙofar 2.0 ce tasa, kuma gara a soka na'urar a baƙin rami, a bar mai launin shuɗi, wanda galibi na 3.0 ne.

Akwai wani tarko ga masu tsohon VirtualBox. Kafin fitowa ta 7.0, ta watan Oktoba na 2022, ƙofofin 2.0 da 3.0 ba su aiki sai an ƙara wani ƙunshi mai suna Extension Pack, kuma dole lambarsa ta zo daidai da ta VirtualBox ɗin. Daga 7.0 an shigar da su cikin uwar manhajar. In mai gida Linux ne, sai an rubuta sunan ma'aikaci cikin rukunin vboxusers, ya fita ya sake shiga. In ba haka ba jerin na'urori zai fito masa fayau. Masu VMware a kan Windows su duba ko USB Arbitration Service yana tafiya, don shi ke raba gardama tsakanin ɓangarorin biyu.

Domin kada a riƙa miƙa na'ura da hannu kullum, ana iya kafa mata rariya. Kowace na'ura tana ɗauke da lamba biyu, ta kamfanin da ya ƙera ta da ta samfurinta. Rariya tana duba su, ta wuce da na'urar ga baƙo kai tsaye. Wasu modem na intanet suna da wayo: su fara bayyana kamar faifai, sa'an nan su sake lambar samfuri, rariya ta rasa su. Maganinsu a rubuta lambar kamfani kaɗai, kamar 12d1 ta Huawei. Amma kada a bar rariya babu lamba ko ɗaya. Irin wannan komai take kamawa, har allon rubutu da linzamin kwamfutar, ma'aikaci ya zauna yana kallon injinsa ba shi da abin taɓa shi.

Abin da ya fi wannan muni shi ne a fizge kile daga hannun mai gida yana tsakiyar rubutu a kanta. A wurin kwamfuta wannan daidai yake da zare ta da ƙarfi, ko ɗaukewar kuran: takardar albashi ko jerin sunayen 'yan jarrabawa na iya lalacewa nan take. Wanda takardu kawai yake son ƙetarawa ba ya ma bukatar USB; jakar tarayya tsakanin mai gida da baƙo ta ishe shi, kuma ta fi aminci.

Ko an kai na'ura hannun baƙo, aiki bai ƙare ba, sai an sa masa nasa tafintan daga faifan da ya zo da injin. Wanda ke kan mai gida ba ya yi masa amfanin komai. Wani lokaci kuma laifin ba na manhaja ba ne sam. Ramin 2.0 miliamfa 500 kaɗai yake bayarwa, wayarsa kuma ba ta wuce mita 5. Mai raba rami huɗu marar wutar kansa yakan kasa ciyar da babban faifai, ƙurar hunturu ma takan toshe rami. Saboda haka ake fara gwada na'urar a kan mai gida, baƙo na kashe: in fitilarta ta kama amma ba ta bayyana ba ko a can, sai a sake waya da rami kafin a taɓa VirtualBox.