Babur, Tafki da Doguwar Hanya

A ƙasar Hausa babur abin neman abinci ne. Shi ke kai buhun masara kasuwa, shi ke garzayawa da mai naƙuda asibiti, shi ke ɗaukar malamin firamare daga cikin gari zuwa ƙauyen da aka tura shi. Da wuya ka ji magidanci ya ce ya tashi babur don kawai ya je ya ga wani wuri ya dawo, in ma ya faɗa, sai a tambaye shi ko biki ake yi a can ko rasuwa aka yi. Ni kuwa a ganina babu abin hawan da ya kai shi koya wa mutum ƙasarsa. Wanda ke cikin mota ta gilashi yake hango gari, kuma direba ne mai cewa a tsaya ko a wuce. Mai babur da jikinsa yake jin sanyin fadama in ya gangara cikinta, da hancinsa yake sanin an fara turara shinkafa a garin da ke gabansa, kuma duk inda ya ga dama nan zai kafe mashin ya yi sallama.

Ga mutumin Kano, makarantar farko ita ce Tiga. Tazarar kimanin kilomita 70 ce kudu da birni, wato ba ta ma kai nisan da malaman Malikiyya suka ƙayyade wa sallar ƙasaru ba, mil 48. In ka fita bayan sallar asuba ka kama titin Zariya, kafin hantsi ya dubi ludayi kana bakin ruwa. Sai dai mai hankali ba ya gaggawa a wannan hanya, domin ita kanta hanyar rabin karatun ce. Daga Kura zuwa Kadawa, a tsakiyar rani lokacin da ko'ina ya bushe, za ka ga gonaki kore shar dama da hagu: shinkafa, alkama, albasa, tumatir. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir ne jibge ana loda wa manyan motoci masu zuwa Kudu. Duk ruwan da ya rayar da wannan yanki daga wurin da ka nufa yake gangarowa, ta magudanan siminti da za ka riƙa gani suna ratsa gonakin. Idan ka saki babban titi ka karya hagu, sai ka fara cin karo da tafkin Bagauda, wanda tsohon otal ɗinsa ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Daga nan duwatsu su fara ɗagowa, ƙasa ta fara hawa da sauka, sai kawai ruwa ya buɗe a gabanka har iyakar ganinka.

An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin gwamna Audu Baƙo, a daidai shekarun da fari ya addabi yankin Sahel. Lokacin da aka gina ta, idan ta cika takan shafe kusan murabba'in kilomita 178, ta riƙe ruwan da ya doshi kubik mita biliyan 2. Wanda ya zo da safe zai tarar da masunta suna fitowa da kwale-kwale, ana cinikin karfasa da tarwaɗa a gaɓa, mata suna suya a gefe. Ka zauna ka sayi kifi, ka yi hira. Masunci ya fi kowa sanin ko ruwa ya ja baya bana, da wane kifi ne ya yi ƙaranci, da dalilin da ya sa.

Amma Tiga tana da wata fuska da ba a gani daga gaɓarta, kuma nan ne nake ganin amfanin babur ya fi fitowa. Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya nufi Tafkin Chadi ta Komadugu Yobe. Da aka tare ruwa a Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a Ƙaraye a farkon shekarun 1990, ambaliyar da manoma da masunta da makiyayan can ƙasa suka dogara da ita kowace damina ta ragu. Ruwan da ake saki da rani kuma ya hana wasu hanyoyin ruwa bushewa yadda suka saba, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe su, tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi suka samu mafaka a cikinta. Wanda ya ga koren Kadawa yau, ya sake ɗaukar mashin wani makon ya bi ta Haɗeja zuwa Nguru ya saurari mutanen can, ya san labarin ruwan Arewa ta ɓangarorinsa biyu. A fadamun nan ne, waɗanda wani sashensu ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, tsuntsaye daga Turai ke sauka da hunturu, musamman a Dagona ta jihar Yobe.

Kowane babban gari yana da nasa ruwan da za a je a dawo a yini guda. Mutumin Gombe yana da Daɗin Kowa, na Misau yana da Maladumba, na Maraɗi yana da Madarunfa, tafkin da ke kewaye da kaburburan da mutanen yankin ke dangantawa da waliyyai 99. Abu ɗaya nake roƙon duk mai zuwa: ya kiyayi shiga ruwan da bai sani ba. Ruwan madatsa a kwance yake a ido, amma ƙarƙashinsa akwai kututturan itatuwa da ramuka, ga tsargiya da ake ɗauka a gaɓar da ke da dodon koɗi. Shiga kwale-kwale kuwa ba tare da rigar ruwa ba ganganci ne. Ba mu manta da haɗarin Bagwai ba, a ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife a madatsar Watari ya ci rayuka sama da 20, akasarinsu yara 'yan Islamiyya.

Doguwar tafiya kuma, wadda mutum zai yi kwanaki ko watanni shi kaɗai a kan mashin, wani abu ne daban. A tafiyar yini ka san inda za ka kwana, in mashin ya ƙi tashi ɗan'uwa zai zo da a-kori-kura ya kwashe ku. A doguwar tafiya babu wannan.

Ƙasarmu ta daɗe da ganin irin waɗannan matafiya. A ranar 11 ga Disamban 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a kan babur ƙirar Panther mai ƙarfin 600cc, da akwatin zama a gefe da ƙaramar tirela a baya. Suka ratsa Sahara ta Tamanrasset, injin ya lalace musu kafin su kai Agadas, suka zauna a can suna jiran kayan gyara, sannan suka gangaro ta Kano suka nausa gabas. Sai ranar 29 ga Yulin 1935 suka isa Cape Town a Afirka ta Kudu. Bayan su da shekaru, a 1973, ɗan jarida Ted Simon ya tashi daga Landan shi kaɗai a kan Triumph mai 500cc, ya shafe shekara 4 yana zaga duniya ta ƙasashe 45, kuma littafin da ya rubuta a kan tafiyar, Jupiter's Travels, ya zaburar da mahaya da yawa a Turai. Na kusa da mu shi ne Kunle Adeyanju, ɗan Najeriya, wanda ya bar Landan ranar 19 ga Afrilun 2022 ya iso Legas ranar 29 ga Mayu, bayan ya keta Faransa da Sifen da Maroko da Muritaniya da Senegal da Mali ya biyo gaɓar teku, tafiyar sama da kilomita 12,000. Ya yi ta ne don tara wa ƙungiyar Rotary kuɗin yaƙi da shan-inna, cutar da mu 'yan Arewa muka fi kowa sanin ɓarnarta.

Abin da na lura da shi a labaran waɗannan mutane shi ne, duk inda tafiya ta ƙi, mutanen gefen hanya ne ke warware ta: wanda ya taimaka aka tura mashin, wanda ya ba da ruwa, wanda ya ce a kwana nan kada a wuce. Ana cewa mutum ya tafi shi kaɗai, alhali ɗaruruwan hannaye ne suka miƙa shi daga gari zuwa gari. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa fita sai da ayari, da madugu a gaba, da zango sananne da za a sauka. Mahayin yau ba shi da ayari, amma zangon yana nan a wata siffa: mai faci a bakin kasuwa, bakaniken da ke ƙarƙashin darbejiya, mai shayin da ya san kowace motar da ta wuce, da masallacin da ba a korar baƙo.

Wannan ne ya sa nake saɓa wa masu cewa sai da babban mashin na miliyoyi ake doguwar tafiya. Babban mashin yana da daɗi a kan kwalta mai kyau, amma ranar da wani abu ya mutu a cikin na'urarsa a tsakanin Potiskum da Damaturu, kayan gyaransa suna Legas ko ƙasar waje. Boxer ta kamfanin Bajaj da ire-irenta masu 100cc zuwa 150cc kuwa, babu ƙauyen da ba a san cikinsu ba. Fulogi, sarƙa, wayar kuloci, takalmin birki, duk za ka samu a kasuwar mako, yaro ɗan shekara sha biyar ma zai kwance maka kafireto ya wanke ya mayar. Lita ɗaya takan kai ka kilomita 40 zuwa 50, abin da ya zama babban lissafi tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. In ta faɗi a yashi kai kaɗai za ka ɗaga ta. Aibinta shi ne ba ta son a matsa mata: injin iska ke sanyaya shi, don haka a riƙe ta a kilomita 60 zuwa 70 a awa, a huta mata bayan kowace awa ɗaya da rabi ko biyu, a duba baƙin mai kowace safiya, a ɗaure sarƙa a shafa mata mai.

Jikin mahayi ma haka. Iskar da ke dukansa tana busar da gumi tun bai ankara ba, sai ƙishirwa ta ci shi ba tare da ya ji ta ba, hankali ya fara dushewa, hannu ya yi nauyi a kan birki. Da bazara tafiyar asuba zuwa ƙarfe sha ɗaya ita ce tafiya, sauran yinin na inuwa ne. Da hunturu hazo ke rufe hanya, sanyin safiya ya sandarar da yatsu. Iskar tirela in ta wuce ka tana iya jefa ƙaramin mashin gefen titi. Dare kuwa a bar shi gaba ɗaya, saboda ramuka da shanu da motocin da suka mutu a tsakiyar titi babu alama, kuma akwai hadisi a Bukhari da ke gargaɗi a kan mahayi ya yi tafiyar dare shi kaɗai.

Maganar hular kwano tana ci mini rai. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta fara tilasta sanya ta, mutane suka mayar da abin wasa, wasu har ƙoƙo suka kifa a ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma raunin kai shi ne kan gaba wajen kashe masu babur. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a sashen haɗari na babban asibiti ya san yawan samarin da ake kawowa kai a fashe, waɗanda hular da ba ta kai kuɗin tayar gaba ba za ta iya tserar da su. Takalmi rufaffe da safar hannu da riga mai kauri su ma ba ado ba ne, kwalta ba ta tausayin fata.

Babban abin da ya taƙaita wannan yawo a yau shi ne rashin tsaro, kuma babur ya shiga tsakiya. An hana hawansa a Maiduguri a 2011. A Kano an hana acaɓa a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Nijar ta hana shi a Diffa a 2015, sannan a sassan Tillaberi a 2020, kuma Zamfara da Katsina sun sha kafa dokokin taƙaita shi saboda 'yan bindiga da shi suke kai hari. Sakamakon haka baƙon da ya shigo ƙauye a kan mashin da jaka a baya ba a yi masa kallon da ake yi a da. Hanyar Katsina zuwa Jibiya zuwa Maraɗi, wadda a da saurayi zai bi ya kwana a Madarunfa, yau sai an yi tambaya an sake tambaya. Dajin Falgore da ke kudu da Tiga a kan hanyar Jos ya sha zama maɓoyar ɓarayi. Asarar ta wuce ta shaƙatawa, domin ana tasowar samari da suka san Dubai a waya amma ba su taɓa ganin kogin da ke shayar da garinsu ba.

Duk da haka hanyoyin da ake bi lafiya suna nan da dama, kuma dokar kowace jiha daban take, tana kuma sauyawa. Kafin a tashi, a je tasha a tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, su suka san inda aka tare jiya da ƙarfe nawa hanya ke mutuwa. A riƙe takardun mashin da lasisi da katin shaida a wurin da hannu zai kai da sauri. A shingen jami'an tsaro a rage gudu tun daga nesa, a kashe inji, a cire hula a yi sallama. A bar wa wani a gida sunayen garuruwan da za a bi da lokacin da zai ji kira. In dare zai riske ka a ƙauyen da ba ka san kowa ba, ka nemi gidan mai gari tun rana ba ta faɗi ba, ka faɗi sunanka da inda ka fito da inda ka nufa, shi zai sa a nuna maka inda za ka kwana da inda za ka ajiye mashin.